Shirwa ta ɗauki tsako an yi kuka, kyanwa ta kama ɓera an yi tafi

Tambaya: Shirwa ta sure ɗan tsako a tsakar gidanmu, 'yata mai shekara 7 ta yini tana kuka, yayyenta kuma suna ta jifa sama. Washegari kyanwarmu ta kamo ɓera, duk suka kewaye ta suna tafi. Sai yarinyar ta ce, "Umma, shi ɓeran ba shi da uwa ne?" Na rasa ta cewa. Me ya sa muke tsanar wata dabba don ta kashe, mu yaba wa wata a kan abu ɗaya? Kuma daidai ne a kashe irin su shirwa da maciji duk inda aka gan su?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya miki wannan yarinya, don ta yi tambayar da manya da yawa ba su taɓa yi wa kansu ba. Na daɗe ina aiki tsakanin manoma da makiyaya da masu gadin gandun daji, kuma abin da na lura da shi shi ne, ba kisan ne yake ɓata mana rai ba. Abin da muke dubawa shi ne na wa aka ci, kuma a gaban wa aka ci shi. Tsakon nan naku ne, a gabanku aka ƙyanƙyashe shi, yarinyar ta watsa masa dusa da hannunta. Ɓera kuwa ɓarawon buhun geronku ne. Shirwa da kyanwa sana'arsu ɗaya, sai dai ɗaya ta ɗiba daga dukiyarku, ɗaya ta tsare muku ita.

In kina son tabbatarwa, dubi yadda bakinmu ya raba masu cin naman su kansu. Zaki shi ne manyan dawa, da sunansa ake yi wa sarki kirari. Damisa ƙi sabo ce, ana tsoronta amma ana ganin girmanta. Dila malami ne. Kura kuwa ba ta da rabo a bakin Bahaushe: ba a ba ta ajiyar nama, in tana maganin zawo ta yi wa kanta, a tatsuniya ita ce sakarar da kwaɗayi ke jefawa rami kullum. Ko a wasan gardawa, ita ke shan bugu, gardi ke kwashe kuɗi. Alhali su duka huɗun nama suke ci. Me ya bambanta su? Zaki yana can nesa cikin dawa, mafi yawanmu ba mu taɓa ganinsa ba sai a hoto, don haka ba ya cin akuyar kowa a unguwarmu. Kura kuwa maƙwabciya ce, tana zuwa bayan gari da dare, tana bin juji da mushe, tana ɗaukar tunkiyar da aka manta a waje. Wanda ke kusa shi ke shan zagi.

Abin da zai ba ki mamaki, zargin da ake yi wa kura na cewa ragowar zaki take ci bai tsaya da ƙafarsa ba. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Hans Kruuk, ya shafe shekaru a cikin shekarun 1960 yana bin kuraye da dare a dajin Serengeti da Ngorongoro na Tanzaniya. Ya gano cewa kura mai dabbare-dabbare ita ke farauto mafi yawan abincinta da kanta, kuma a Ngorongoro sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace abin da kuraye suka kashe. Mutane da safe suke isowa, su tarar da zaki a kan nama, kuraye na gefe suna jira, sai su yanke hukuncin wane ne mai abu, wane ne ɗan kwaɗayi. Ba su ga abin da ya faru da tsakar dare ba.

Akwai kuma abin da Allah ya dasa a zuciyar ɗan Adam. Tun a 1943 wani masanin halayyar dabbobi, Konrad Lorenz, ya bayyana cewa duk halittar da ke da manyan idanu, da zagayayyen kai, da jiki mai laushi, tana tayar mana da tausayin da muke yi wa jariri. Tsako da ɗan zomo da ɗan barewa duk sun shiga wannan layi. Maciji ba shi da fatar ido, ba ya ƙiftawa. Ungulu kanta a sanƙo yake. Ba su da fuskar da za ta roƙa musu afuwa a wurinmu. Ƙara da wannan, labarin kafuwar ƙasar Hausa ma da kashe maciji ya fara, a rijiyar Kusugu ta Daura. Yaro kan sha wannan tun yana goye.

Amma inda na fi so ki tsaya, Hajiya, shi ne bambancin asarar da ake gani da wadda ba a gani.

Shirwa ta ɗauki tsako ɗaya, da rana tsaka, kaza na kururuwa, yara na ihu. Ba wanda zai manta. Wannan shirwar kuma ita ce ke yini tana cin fara, da garar nan mai fiffike da ke fitowa bayan ruwan farko, da ɓeraye, da tarkacen kwata. In an saka wa daji wuta, duba sama ki gani, su ne ke shawagi a bakin hayaƙi suna cafke ƙwarin da ke gudu. Wannan aikin ba ya da ihu, ba ya da jini a tsakar gida, don haka ba ya shiga lissafin kowa. Ɓera kuma ba ya ɗaukar buhu ya gudu da shi a gabanki. Kaɗan-kaɗan yake ci, kowane dare, yana fitsari da kashi a cikin ragowar, sai ranar da aka buɗe rumbu a ce ai bana hatsin bai yi albarka ba.

Mu ɗauki mujiya, wadda na fi tausaya wa a cikinsu duka. In ta sauka a kan katanga ta yi kuka, sai a ce mutuwa take kira, a tashi yara da duwatsu. Farar mujiyar nan da ke kwana a tsofaffin gine-gine da kogon itace, ita da mijinta da 'ya'yansu suna cinye ɓeraye fiye da 1,000 a shekara. A Malesiya manoman kwakwar manja da na shinkafa akwatuna suke kafa mata a kan dogayen sanduna a tsakiyar gona don ta zo ta zauna, saboda ta fi musu guba sauƙin kuɗi. Mu kuma muna korar ta, sannan mu je kasuwa mu sayo maganin ɓera.

Kuma ɓera ba hatsi kaɗai yake ci ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, wani ɓera ne mai nonuwa da yawa yake ɗauke da shi, yana zubar da ƙwayar cutar a fitsari da kashinsa a kan abinci da shanya. Macen wannan ɓeran cikinta bai wuce kwana 23 ba, kuma takan haifi 'ya'ya 10 zuwa 12 a haihuwa ɗaya. Ga shi abin farauta ne, mara ƙarfi, mai ƙananan idanu masu ƙyalli, amma mutanen da yake kashewa a Najeriya duk shekara sun fi waɗanda zaki da kura da damisa suka kashe in an haɗa su.

Nan ne lissafin ke juyewa. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na abin da dabba ta ci yake wucewa zuwa ga mai cin ta. Ma'ana, sai an tara abin farauta mai yawa kafin ya riƙe mafarauci ɗaya. Shi ya sa masu cin nama ko'ina 'yan kaɗan ne, kuma haihuwarsu a hankali take. In ƙauye ya tashi tsaye, cikin damina biyu zai iya ƙarar da mujiyoyinsa da tunkunsa da shahonsa. Ɓera kuwa ba a ƙarar da shi, ko an kashe dubu, wata biyu sun mayar da gurbi. Yaƙin da muke yi da ɓangarorin biyu ba ya ƙarewa kunnen doki, kullum ɓera ne ke cin riba. Ƙasar Sin ta ɗanɗana wannan da tsada. A 1958 gwamnati ta sa jama'a su kashe gwarare don suna cin hatsi, aka kashe su bila adadin. Ashe su ne ke cinye fara da tsutsa a lokacin da suke ciyar da 'ya'yansu. Ƙwari suka yi wa gonaki rubdugu, abin ya ƙara wa yunwar da ta biyo baya muni, har a 1960 aka cire gwara daga jerin abokan gaba.

Kada ki ɗauka ina nufin tsoron mutane shirme ne. A'a. Duk wanda ya taɓa shiga asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe lokacin shuka ko girbi, ya ga manomi kwance jini na fita ta dasashinsa saboda saran kububuwa, ba zai yi wa mai tsoron maciji dariya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya duk shekara, kuma mafi yawansu talakawan karkara ne. Kububuwa ko kasa ko gamsheƙa a cikin ɗakin da yara ke kwana, ba na cewa kowa ya tsaya yi mata wa'azi. Abin da nake cewa shi ne, yawancin irin macizan da ke ƙasarmu ba su da dafin da zai kashe mutum, kuma abin da ke kawo maciji gida, mai dafi da mara dafi, shi ne ɓera da tarin shirgi. Gidan da ya toshe ramuka, ya rufe hatsi, ya nisanta tarin itace da ɗakin kwana, ya rage macizansa fiye da gidan da ke da sanda a bayan kowace ƙofa. Takalmin roba mai tsawo a gona da tocila da dare sun ceci ƙafafu fiye da kowane asiri. In kuwa tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba ɗauri mai tsanani, ba tsotsa, a kwantar da mutum a garzaya da shi asibiti.

Wani abin kuma, tausayin masu cin ciyawa da kike gani, yawanci tausayin mutumin birni ne. Je ki fadamar Hadeja da Nguru ki ce wa manomin shinkafa tsuntsun jan baki abin sha'awa ne. Ɗan mitsitsi ne, ba ya cin naman kowa, amma garkensa kan rufe rana, su tashi daga cikin ciyawar kachala da asuba su share gona kafin hantsi, yara su bar makaranta suna yini da gwangwani da majajjawa. Ƙauyukan da ke kewaye da Yankari a jihar Bauchi, ba zaki ne ke hana su barci ba, giwa ce, wadda kan tattake noman shekara a dare ɗaya. Masunta a kogin Kwara da tafkin Dadin Kowa sun fi shakkar dorina a kan kada, ita kuwa ciyawa take ci. A yankin Kure na Nijar, raƙuman dawa da suka rage 49 kacal a 1996 sun farfaɗo sun haura 600, a da baƙi kan zo daga Turai suna ɗaukar su hoto, manomi kuma yana kallon su suna cinye masa wake da mangwaro. Dabba ɗaya ce, amma mai kyamara da mai gona ba abu ɗaya suke gani ba. Ni a wurina kuskure ne babba mai kare namun daji ya zo daga birni ya fara yi wa wanda aka ci wa saniya huɗuba. Saniyar nan ita ce bankinsa, ita ce sadakin ɗansa. In ba a fara da jajanta masa da neman yadda za a tsare sauran ba, duk abin da aka faɗa bayan nan iska ce.

Kyanwar taku ma, da za a bi ta a ga abin da take yi a waje, ba ɓera kaɗai take kamawa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa kyanwowi a Amurka na kashe tsuntsaye biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 a shekara. Ba a tsane ta don tana kwana a ƙafarmu. Haka kare: ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara a duniya, kusan duka ta cizon karen gida. Zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya kuwa, ƙidayar da aka fitar a 2014 ta samu kusan 400 ne, na Najeriya ba su kai 50 ba, a Kainji da Yankari.

Abin da ya fi ƙona mini rai a aikin nan shi ne guba. Kura ta kashe maraƙi, mai shi cikin ɓacin rai ya barbaɗa maganin ƙwari a kan mushen. Na taɓa isa irin wannan wuri da hantsi. Kurar da aka yi domin ta ba ta ma dawo ba. Abin da muka tarar shi ne ungulaye zube a ƙasa, da dila, da karnuka biyu na rugar da ke kusa. Wannan ba a nan kaɗai ba ne: a Botsuwana a 2019, ungulaye 537 suka mutu a kan mushen giwaye uku da aka sa wa guba. Ungulu kuma ƙwai ɗaya take yi a shekara. Ki tuna da kwata a zamanin ƙuruciyarki, yadda suke jere a kan katanga da rassan tsamiya. Yau garuruwa nawa ne za ki je kwata ki ga ko guda? Guba ta ci wasu, masu sayar da kawunansu don tsibbu sun ci wasu, har a 2015 aka sa irin ungulun da muka sani a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Ita kuwa ba ta ma kashe komai, ƙyama kawai ta ja mata. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diklofenak, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayen ƙasar kafin a haramta shi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, ruwa ya gurɓace. Binciken da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. A birnin Harar na Habasha kuwa, mutanen gari, Musulmi, sun daɗe da yin sulhu da kurayensu, suna barin su su shiga da dare su share ƙashi da tarkacen mahauta.

Game da ko daidai ne a kashe, hukunci na malamai ne, amma akwai abin da ya kamata ki lura da shi. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ambaci dabbobi biyar da aka yarda a kashe ko da a Harami ne: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. To, ga shirwa a ciki, ba zan ɓoye miki ba. Amma ga ɓera ma a ciki, a sahu ɗaya da ita. Ashe ma'aunin ba cin nama ko cin hatsi ba ne, cutarwa ce. A cikin littattafan nan biyu kuma akwai labarin wani Annabi da tururuwa ɗaya ta ciza, ya sa aka ƙona gidansu duka, Allah ya yi masa wahayi yana tuhumarsa a kan halaka al'umma guda saboda cizon ɗaya. Mai sa guba a mushe ya kamata ya ji wannan. Kuma kada mu manta, a ƙissar Annabi Yusuf, kerkeci aka ɗora wa laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba, don an san shi ne wanda kowa zai yarda ya aikata. Har gobe ana yin haka. Na sha ganin akuyar da ɓarawo ya ɗauka ko ciwo ya kashe, a ce kura ce.

Abin da ke aiki a zahiri shi ne tsaro. Shirwa da shaho 'yan tsaki ƙanana suke iya ɗauka, don haka makonni 4 zuwa 6 na farko su ne masu haɗari. A kife su da babban kwando ko a bar su a akurki mai raga da rana, a ba su dusa da ruwa a ciki, a kuma bar musu wata 'yar rumfa ko tarin ƙaya da za su faɗa ƙarƙashi in uwar ta yi gargaɗi. Tsakar gida fetal ba inuwa ita ce kasuwar shirwa. Dabbobi kuma su kwana cikin shingen ƙaya mai kauri, don yawancin abin da kura ke ci wanda ya kwana a waje ne. A Kenya wani yaro ɗan ƙabilar Masai, Richard Turere, yana ɗan shekara 11 ya haɗa fitilu masu walƙiya a kewayen garken mahaifinsa, zakuna suka ɗauka mutum ne ke zagaye da tocila, suka daina zuwa. A Botsuwana an gwada zana idanu biyu a ɗuwawun shanu: cikin shekara 4, a shanu 683 da aka yi wa zanen zaki bai kashe ko ɗaya ba, alhali an kashe 15 cikin 835 da ba a yi wa ba. Mai kwanton ɓauna in ya ga kamar an gan shi, fasawa yake yi.

Ita kuma yarinya, ki gaya mata gaskiya. E, ɓera yana da uwa. Shirwar ma uwa ce, wataƙila a kan wata doguwar bishiya akwai 'ya'ya biyu da suka buɗe baki suna jiran ta, kuma ba kullum take samu ba, sau da yawa takan kai sura ta tashi ba komai. Kada ki hana ta kukan tsakonta, tausayi ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ga tsuntsuwa tana kaɗa fiffike don sahabbai sun ɗauke mata 'ya'ya, cewa ya yi a mayar mata da su. Sai ki sa ta taya ki kife sauran 'yan tsakin da kwando, ya zama aikinta ne kullum da safe.

In kuma akwai tsohon gini ko kuka da mujiya ke kwana kusa da ku, ki kai ta gindin wurin da rana. Za ku ga wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe kamar girman babban yatsa, gashi ne da ƙashi da mujiya ke amayarwa bayan ta haɗiye abincinta. Ku sa tsinke ku farfasa busassun, kada ku taɓa da hannu, ku wanke hannu da sabulu in kun gama. Ki bar ta ta ƙirga ƙananan kawunan ɓerayen da ke ciki da kanta.